Wanda kuka kai gidan mari amana ne a wuyanku

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa, ma'aikacin jinya da ya daɗe yana aiki da masu taɓin hankali, ya gabatar ga matasa a garin Kura. Mahalarta sun fito ne daga Kura, Bunkure, Garun Malam da ƙauyukan bakin kanal, akasarinsu manoman rani da 'yan ƙwadago. A sha karatu lafiya.

Bayan ya yi godiya ga Allah Ta'ala, ya yi salati ga Manzon tsira (S), Malam ya fara ne da yi wa matasan tambaya. Ya ce duk wanda aka taɓa kira ya riƙe wani ɗan uwansa, ko maƙwabci ko aboki, aka danne shi, aka ɗaure, aka sa a mota don a kai shi wajen magani, to ya ɗaga hannu. Wuri ya yi tsit, can sai hannuwa suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ce to a cikin waɗanda suka ɗaga, wanda ya koma ya dubo shi kafin mako ya zagayo ya bar hannunsa a sama. Nan take hannuwa suka sauka, in ban da 'yan ƙalilan. Malam ya ce abin da ya kawo shi ke nan.

Ya ce ya zaɓi ya yi maganar da matasa ne saboda ranar da hankalin wani ya gushe a gida, su ake kira. Uba ya tsufa, uwa tana cikin gida tana kuka, mai ƙarfin damtse ake nema. “Ku kuke riƙewa, ku kuke ɗaurewa, ku kuke miƙa shi hannun wani. Daga ranar nan duk abin da aka yi masa a inda kuka kai shi, akwai kasonku a ciki,” in ji shi.

Daga nan Malam ya juya kan halin da yankin yake ciki. Ya ce tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, ƙasar nan ba ta san hutun rani ba. Ana ɗauke shinkafa, alkama da tumatir da albasa sun shigo. Ya ce wannan ni'ima ce babba, sai dai ta zo da wani abu da kowa ya sani amma ba a son faɗa. Yaro ne zai shiga taɓo tun asuba yana dashe, ko ya wuni yana yanka da bugu, ko yana lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan. Jiki ya gaji, sai abokin aiki ya miƙo masa ƙwaya, wai don ya ji ƙarfi. Yau tramol ɗaya, gobe biyu, kafin a farga ba ya iya tashi sai da ita. Wani kuma ya haɗa da wiwi ko maganin tari mai kodin. Ya tunatar da cewa a 2018 ne gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC da ya nuna yadda abin ya yi katutu a Kano, kuma binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi mu'amala da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda.

Amma ya ja hankalin 'yan uwa da cewa ba duk wanda ya rikice ne ɗan ƙwaya ba. Akwai mai farfaɗiya. Akwai wanda zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai, abin da ba baƙo ba ne a inda ruwa yake kwance rani da damina. Akwai mai jego da hankalinta ya juya bayan haihuwa, akwai tsoho mai gigin tsufa, akwai yaron da aka haifa da raunin ƙwaƙwalwa. Ya ce kowane ɗaya daga cikin waɗannan da irin kulawar da yake buƙata, amma mu sai mu haɗa su a kwando ɗaya, mu ce ko iska ce ko taurin kai, maganin kuma ɗaya, a kai shi mari.

Malam ya ce ba zai yi wa iyaye rashin adalci ba. Ya san dalilin da yake sa uwa ta yarda a ɗaure ɗanta. Ga kanal cike da ruwa a bayan gari, mai farfaɗiya in ta tashi masa a bakin ruwa ko bai kai gwiwa ba yana iya halaka shi. Ga babban titin Kano zuwa Zariya ya ratsa Kura, motoci ba sa jira. Ga maƙwabta suna kawo ƙara kullum. Asibiti da nisa, kuɗi babu. Ya ce tsoro ne da gajiya suke kai mutane ga sarƙa, kuma wanda bai taɓa kwana yana gadin mara lafiya ba, kada ya yi saurin zargi. Sai dai ya ce uzurin iyaye ba ya sauya abin da yake faruwa bayan an rufe ƙofa.

A nan ne ya tunatar da su abin da ya faru a 2019. A ranar 26 ga Satumba na wannan shekara 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da ƙananan yara. Da yawansu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala, wasu kuma suka ba da labarin yunwa da lalata da aka riƙa yi da su, wal'iyazu billahi. Ba a yi wata guda ba aka fito da mutum 67 daga wani gidan a Daura, sannan ɗaruruwa a cikin birnin Katsina, aka sake komawa Rigasa aka fito da 147, aka kuma samu wani gidan a Zariya. Ya ce abin bai tsaya a Arewa ba, domin an buɗe irinsu a Ilori da Ibadan. A cikin wannan guguwa ce gwamnatin Kano ta lokacin, ta Abdullahi Umar Ganduje, ta ba da umarnin rufe gidajen mari da ke jihar.

Malam ya ce abin da ya fi ci masa rai a labarin nan shi ne, akasarin waɗannan bayin Allah ba sace su aka yi ba. Iyayensu da 'yan uwansu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi duk wata, suna cewa yaro yana can ana gyara shi. Wasu in sun je ziyara a zaure ake tsayar da su, a fito da yaron an yi masa wanka an sa masa riga mai dogon hannu, mai gidan yana zaune a gefe yana sauraro. Wane yaro ne zai yi magana a nan, alhali ya san inda zai kwana?

Ya gargaɗi matasan da kada su ɗauka cewa wannan matsala ta malaman mari ce kaɗai. Ya ce ƙungiyar Human Rights Watch ta zagaya wurare 28 a jihohi 8 da Abuja tsakanin 2018 da 2019, kuma ta tarar da mutane a ɗaure a wuraren Musulmi, da na Kirista, da na masu maganin gargajiya, har da cibiyoyi da asibitocin gwamnati. A 2020 ƙungiyar ta ce ta samu shaidar wannan ɗauri a ƙasashe 60. Haka nan ya ce kada a jingina abin ga talauci kawai. A Ingila, a 2011, wani ɗan jarida ya shiga da ɓoyayyiyar kyamara wani asibitin kula da masu raunin ƙwaƙwalwa da ake kira Winterbourne View, kusa da Bristol, ya ɗauko yadda ma'aikata suke dukan marasa lafiya, suna danne su, suna watsa musu ruwan sanyi. An hukunta ma'aikata 11. Kuma tun kafin nan wani ma'aikacin jinya ya kai ƙara ga hukuma, aka yi biris da shi. Malam ya ce ga ƙasa mai kuɗi, ga dokoki, ga masu sa ido da albashinsu, amma da ƙofa ta rufu aka bar mai ƙarfi da mai rauni su kaɗai, abin da aka yi a Rigasa shi aka yi a can.

Ya ce mu Kanawa ma muna da namu darasin a cikin asibiti. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a asibitin IDH na Kano. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ya ce abin lura shi ne, uban da ɗansa yake kwance rai a hannun Allah ba ya iya tambaya, duk abin da aka ce masa “to” zai ce. Shi ya sa yake buƙatar wani a gefensa da hankalinsa yake kwance, wanda zai ce wane magani ne wannan, kuma me aka sa shi ya dangwala wa hannu.

Da ya dawo kan mai taɓin hankali, Malam ya ce shi rauninsa ya ninka na kowa, domin an riga an ƙwace masa abu ɗaya da kowane wanda aka zalunta yake dogara da shi, wato a yarda da maganarsa. In ya ce an doke shi, sai a ce ai ciwon ne. In yarinya ta ce an shigo mata da dare, sai a ce aljanunta ne suke magana. In ɗan ƙwaya ya ce ba a ba shi abinci, sai a ce dama maƙaryaci ne, so yake a sake shi. Ya ce azzalumi ya san haka sarai, shi ya sa yake zaɓar su.

Ya ce abin mamaki, duk ɗalibin da ya fara karatun fiƙihu ya san cewa wanda hankalinsa ya gushe ba mukallafi ba ne. Ba a binsa salla, ba a binsa azumi, ba a tsayar masa da haddi, kuma dukiyarsa da jikinsa amana ne a hannun waliyyinsa. “Wanda Mahaliccinsa ya ɗauke masa hisabin salla, wa ya ba ka izinin yi masa bulala don bai tashi da asuba ba?” Ya ce shi bai zo ya hana kowa addu'a ko ruƙiyya ba, shi ma yana yi wa marasa lafiyarsa addu'a. Amma ruƙiyya karatu ce. Wanda ya ɗauki dorina ya ce aljani yake duka, to a duba bayan wa tabon yake fitowa. Haka wanda ya keɓe da matar mutane a ɗaki ya kulle ƙofa ya ce sai haka aljanin zai fita, wannan ba ya buƙatar a je a tambayo fatawa.

Malam ya ba da labarin wani saurayi da aka taɓa kawo musu asibiti, ya ce ba zai faɗi garinsu ba balle inda aka ajiye shi. An kawo shi ne saboda gyambon da mari ya yi masa a idon sawu, har ya fara wari, ba don ciwon da yake damunsa ba. Da aka zauna da mahaifiyarsa aka bi tarihin abin, ashe farfaɗiya ce. In ta tashi masa ya faɗi, bayan ya farfaɗo sai ya ɗan jima a ruɗe yana surutai yana ture mutane, su kuma suka ɗauka hauka ne. Aka ɗora shi a kan ƙwayar da ake sha kullum, faɗuwar ta ragu ƙwarai, ya koma gida. Amma ƙafar ba ta koma daidai ba, yana ɗingishi, kuma in ya ji ƙarar ƙarfe sai jikinsa ya ɗauki rawa. Ya ce wansa da ya kai shi wurin ya yi kuka a gabansu, yana cewa wallahi shi gyara ya nufa. Malam ya ce ya yarda da shi. Sai dai da ya tambaye shi sau nawa ya shiga ɗakin da ƙanen yake kwana, ya ce ko sau ɗaya.

A kan haka ya ce abin da yake roƙon 'yan uwa ba mai wuya ba ne. In wani ya rikice, a fara kai shi asibiti a auna shi, ko da babban asibitin Kura ne, domin in zazzaɓi ne ya hau kai, jinkirin kwana biyu yana iya zama ajali. In abin na ƙwaƙwalwa ne, akwai asibitin Dawanau, akwai sashen masu taɓin hankali a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Ya amince cewa likitocin sun yi ƙaranci, domin a 2019 an ƙiyasta ba su kai 300 ba a duk faɗin ƙasar, kuma akwai layi da kashe kuɗi. Amma ya ce a lissafa abin da ake biya a gidan mari wata da watanni, a ga wanne ya fi.

In kuma har ta kama a bar mutum a hannun wani, ko malami ne ko asibiti ko gidan gyaran hali, ya ce kada a juya baya sai an ga inda zai kwana da ido, an ga banɗaki, an ga abin da ake ci. Duk wurin da aka ce 'yan uwa ba sa wuce zaure, a ɗauki mara lafiya a koma da shi. Sannan a riƙa zuwa ba tare da an aika ba, a ranaku daban-daban, wani lokaci da sassafe, wani lokaci bayan magariba. A keɓe da shi a yi magana ba mai wurin a kusa. A ɗaga rigarsa a duba baya, a duba wuyan hannu da idon sawu, a lura ko ya rame, ko yana firgita in wani ma'aikaci ya gitta, ko kullum a buge yake da barci saboda allurar da ake danna masa don a huta da shi. In mace ce, a tafi da uwa ko yaya wadda za ta iya shiga ta duba ta, ta tambaye ta abin da ba za ta faɗa wa namiji ba. Ya nanata cewa in mara lafiya ya faɗi wani abu, a fara da ɗaukarsa gaskiya a bincika. In ta tabbata ruɗu ne ba a yi asarar komai ba, in kuwa gaskiya ne an ceci rai.

Ya ce wannan tsari na barin ɗan uwa kusa da mara lafiya ba sabo ba ne a ƙasar nan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda ake saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane da wani ɗan uwansa da zai zauna da shi, yana yi masa girki da wanki, yana raka shi wajen likita. Tsarin ya yi suna a duniya. Malam ya ce mu da muke tinƙaho da zumunci, bai kamata a ce sai an koya mana wannan ba.

Daga nan ya taɓo waɗanda ba a kai su ko'ina ba, a cikin gida aka kulle su. Ya ce a watan Agusta na 2020 an fito da wani mutum a cikin birnin Kano da aka ce ya shekara 7 a kulle a garejin gidansu, ƙashi da fata, bisa zargin shaye-shaye. A cikin watan aka sake samun wani a wata ƙaramar hukuma ta jihar da aka ce ya shekara 30 a turke. Ya ce waɗannan gidaje suna da maƙwabta, suna da masallacin unguwa, ana biki ana suna a cikinsu. Ya tambayi matasan, a ƙauyenku, wane ne aka daina gani? Wane ne in an tambaya sai a ce yana ciki ba ya jin daɗi, shekara ta zagayo amsar ba ta sauya ba? Ya ce a haɗa da baƙin da suke zuwa ci-rani da almajiran da suke ƙwadago a gonakin shinkafa, waɗanda in ciwo ya kama su ba mai tambayar inda aka kai su.

Sai dai ya ja kunne sosai cewa in an ga irin wannan, kada a tara gayya a je a fasa gida ko a doki wani. A fara da magana da mai gidan cikin mutunci, domin sau da yawa shi ma neman mafita yake yi. In ya ƙi, a je ga mai unguwa ko dagaci da limami. In akwai duka ko lalata ko yunwa, wannan laifi ne, a kai wa 'yan sanda, a kuma sanar da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda take da ofishi a Kano. Ya ce doka ma ta sauya. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, gadon Turawan mulkin mallaka, wadda ta ɗauki mara lafiya a matsayin abin tsarewa, an maye gurbinta da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanar Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, kuma akwai dokar hana azabtarwa ta 2017. Amma ya ce takarda tana Abuja, mara lafiya yana Bunkure, sai an samu wanda ya leƙa ya gani sannan dokar take da amfani.

Da aka ba da damar tambayoyi, wani matashi daga wajen Bunkure ya miƙe ya ce, “Allah ya gafarta Malam, to idan mutum ya ɗauki adda yana bin mahaifiyarsa, dare ya yi, babu mota babu kuɗi, yaya za a yi in ba a ɗaure shi ba?”

Malam ya ce tambaya ce ta gaskiya. Ya ce da farko a janye uwar da yara daga wurin, a kawar da wuƙa da lauje da galan ɗin maganin feshi, a rage taron 'yan kallo, domin ihu da cincirindo suna ƙara tunzura shi. Mutum ɗaya da ya fi jin maganarsa ya riƙa yi masa magana a hankali, daga nesa kaɗan. In ta kai dole sai an riƙe shi, a samu mutum huɗu ko biyar su kama hannuwa da ƙafafu, kada wani ya hau masa ƙirji ko ya danne wuya ko ya kifa shi a ƙasa, domin ta haka numfashi yake ɗaukewa. In an ɗaure, da zane mai laushi za a ɗaure, na ɗan lokaci, wani yana zaune tare da shi yana ba shi ruwa yana duba hannuwan, har gari ya waye a kai shi asibiti. Batun kuɗin mota kuwa, ya ce 'yan uwan da suke iya haɗa kuɗin taki da na man injin ban-ruwa a tsakaninsu, su ware wani abu a hannun mutum ɗaya amintacce a kowane ƙauye, su kuma san direban da za a iya buga wa ƙofa da tsakar dare. Matashin ya ce a garinsu akwai mai a-kori-kura da ba ya ƙin tashi, Malam ya ce to a fara da shi.